Filashin farfaɗowa, hoton faifai ko tagwayen faifai: wanne zai fisshe ka ranar da laftof ta ƙi tashi?

Bara, ana tsakiyar zafin bazara, ɗiyar yayata da ke shekarar ƙarshe a jami'a ta yi mini sallama da yamma, rungume da laftof ɗinta. Ta ce, "Kawu, ta ƙi tashi, kuma duk aikin da munka yi da malamina yana ciki." Na kunna, sai ga shuɗin allo yana neman mabuɗi mai lambobi 48 na BitLocker, tsarin Windows da ke kulle faifan kwamfuta. Ita ko sunan BitLocker ba ta taɓa ji ba. Wanda ya saka mata Windows a shago ya shiga da wani asusun Microsoft da ba nata ba, can mabuɗin ya tafi, shi kuma ya daɗe da barin gari. Kwafin da ke cikin filashinta ya yi wata uku. Babi biyu ta sake rubutawa daga farko, a makonnin da ya kamata a ce tana shirin kare aikinta gaban malamai.

Tun daga ranar nake ɗaukar wannan magana da muhimmanci. Masu zuwa neman shawara kuma kusan tambayarsu ɗaya ce: filash kawai ya isa, ko sai an sayi babban faifan waje? A kulle shi, ko a bar shi a buɗe don kada a manta kalmar sirri?

Akwai abu ɗaya da fahimtarsa ke sauƙaƙa sauran. Abin da zai tayar da kwamfuta ba ya kulluwa gaba ɗaya, domin dole na'urar ta iya karanta wani sashe nasa kafin ma ta tambaye ka kalmar sirri. Abin da ke ɗauke da takardunka, hotunan iyalinka da lissafin kasuwancinka kuwa bai dace ya zauna a buɗe ba. Aiki biyu ne daban, kuma yawancin wahalar da mutane ke sha tana zuwa ne daga son abu ɗaya ya yi duka biyun.

## Ma'aunin da nake auna hanyoyin ajiya da shi

Abin da nake fara tambaya shi ne: idan kwamfutar ta mutu yau da safe, kwana nawa za ka iya jurewa? Ɗalibin da zai iya aron ta abokinsa na mako guda daban ne da mai shagon rajistar JAMB da layi ke jiransa a ƙofa. Daga nan sai kuɗi. Ba zan kawo farashin naira ba saboda yana bin dala, na yau ba shi ne na wata mai zuwa ba, amma jerin tsadar ba ya sauyawa: filash ne mafi araha, sai faifai mai juyawa (hard disk), sai SSD, faifan zamani da babu abin da ke juyawa a cikinsa.

Sai ƙarko, kuma a nan Sakkwato tana da nata hukunci. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, alhali masu ƙera faifan waje mai juyawa sukan rubuta iyakar zafin aikinsa tsakanin digiri 35 zuwa 40. Lokacin hunturu ƙura tana cika kowace kafa ta USB. Ga ɗauke wuta, ga girgizar kabu-kabu. Sai sauƙi: za ka iya yin abin da kanka duk mako, ko sai ka kira wani? Ajiyar da ke da wahalar yi, sau ɗaya ake yin ta a daina. Na ƙarshe shi ne haɗari, kuma fuska biyu gare shi: wani ya karanta abin da ba nasa ba idan an sace faifan, ko kai mai shi ka rasa hanyar shiga kayanka.

## Filashin farfaɗowa

Filash ne da ke tayar da kwamfuta don a gyara Windows ko a sake saka shi. A Windows 10 da 11, ka rubuta Recovery Drive a wurin bincike, ka saka filash mai 16GB ko sama, ka bar alamar da ke cewa a haɗa da fayilolin tsarin. Zai goge duk abin da ke cikin filashin, don haka a duba tukuna. Microsoft da kanta ta ba da shawarar a sake yin sa duk shekara, saboda Windows na sauyawa. Wata hanyar ita ce Media Creation Tool, wadda 8GB ya ishe ta, sai dai za ta ci maka data wajen sauko da Windows. Masu gyara sun fi son Ventoy, domin a filash ɗaya za ka zuba Windows da Ubuntu (wani nau'in Linux, tsarin da ake sawa a madadin Windows) da kayan gyara, ka zaɓi wanda kake so lokacin kunnawa.

Yana da araha, yin sa ba wuya, kuma rashin kulle shi ba damuwa ba ce tun da babu sirrinka a ciki. Amma a nan mutane ke ruɗuwa: ba ya ɗauke da fayil ɗinka ko ɗaya, ko manhajojin da ka saka da kanka. Idan ka dawo da Windows daga cikinsa, kwamfutar za ta tashi fes, babu komai naka a ciki. Babban haɗarinsa shi ne jabun filash, wanda aka rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. Ƙaramar manhajar H2testw kyauta ce, tana cika filashin ta sake karantawa, ta faɗa maka gaskiyarsa. Ka gwada shi ranar da ka saya, tun kana iya mayarwa. Kuma kada ya zama shi ne filashin da kake kaiwa shagon buga takardu.

## Cikakken hoton faifai, a kulle

Wannan ne zaɓin da na fi amincewa da shi, shi ya sa zan daɗe a kansa. Manhaja ce ke ɗaukar duk abin da ke cikin kwamfutar, Windows da manhajoji da saituna da fayiloli, ta dunƙule su cikin babban fayil guda a faifan waje, ta rufe shi da kalmar sirri. Ita kuma manhajar tana yi maka ɗan filashin ceto. Ranar da faifan ciki ya mutu, ka sa sabo, ka tayar da kwamfutar daga filashin, ka nuna mata hoton, ka ba da kalmar sirri. Bayan awa ɗaya ko biyu komai ya dawo yadda ka bar shi. Mai tayarwa yana buɗe babu sirri a cikinsa, mai sirri yana kulle ba a buƙatar ya tayar da komai.

Ga masu Windows, Veeam Agent for Microsoft Windows yana da na kyauta, yana kulle ajiya, yana yin filashin ceto, kuma za a iya saita shi ya fara aiki da zarar an jona faifan. Bayan hoton farko, abin da ya sauya kaɗai yake ƙarawa, don haka na mako-mako ba ya daɗewa. Macrium Reflect da masu gyara da yawa suka saba da shi ya daina fitar da na kyauta, gyaransa na ƙarshe ya tsaya a farkon 2024. Clonezilla, wanda wata cibiyar binciken kwamfuta ta Taiwan ta samar, kyauta ne kuma yana iya kulle hoto, amma allonsa rubutu ne zalla, kuma kuskure ɗaya wajen zaɓen faifan da za a kwafa da wanda za a zuba wa ya isa ya shafe komai. Ban cika ba wanda bai saba ba shawararsa ba. Akwai kuma tsohon Backup and Restore da ke cikin Windows, wanda Microsoft ta daina bunƙasa shi tun 2017, kuma ba ya kulle hoton da kansa.

Ga tarkon da nake so kowa ya sani. Ko da BitLocker na aiki a laftof ɗinka, manhajar da ke ɗaukar hoto daga cikin Windows tana karanta faifan ne a buɗe, don haka hoton da za ta ajiye a buɗe zai fito, sai idan ka kunna kullewa a cikin manhajar ko ka kulle faifan wajen. Mutum ya kulle ƙofar ɗaki ya bar kayan a zaure. Clonezilla kuma, da yake daga waje yake aiki, yana kwafe sashen BitLocker a kulle yadda yake, amma sai ya kwashi girmansa duka: faifai mai 512GB zai ci kusan 512GB ko da rabinsa babu komai.

Ga masu MacBook abin ya fi sauƙi. Time Machine, manhajar ajiya ta Apple, yana cikin Mac tun 2007. Ka jona faifai, ka zaɓe shi, ka kunna zaɓin kullewa, shi ke nan. Apple na ba da shawarar faifan ya ninka girman na cikin Mac ɗin. Ranar matsala, ka shiga sashen farfaɗowa, ka sake saka macOS, ka jawo kayanka da Migration Assistant.

Game da lokaci, lissafin a bayyane yake. Kaya mai 200GB a kafar USB 2.0, da ke tafiyar kusan 30MB a daƙiƙa, zai ci kusan awa biyu. A kafar USB 3.0, mai shuɗin ciki, da faifai mai juyawa, kusan rabin awa ne ko sama kaɗan. Ni da sassafe nake yi ko bayan isha'i, lokacin da gari ya ɗan yi sanyi, batir a cike. Ƙaramin faifan da ke shan wuta daga jikin laftof ya fi dacewa da mu a kan babba mai nasa waya zuwa soket, domin idan an ɗauke wuta batirin laftof zai riƙe shi, babban kuwa nan take zai yanke a tsakiyar rubutu.

## Tagwayen faifai

Shi ne wanda ya fi daɗin ji: faifai na biyu, kwafin na farko sak, wanda zai tayar da kwamfutar kai tsaye. Idan Hassan ya kwanta, Husaini ya miƙe. Babu abin da ya kai shi saurin mayar da mutum bakin aiki, amma sharuɗɗansa sun fi yadda ake zato.

A Windows, kwafin da aka yi zuwa faifan USB yawanci ba ya tashi daga USB ɗin. Microsoft ta taɓa samar da Windows To Go don wannan, ta sanar da daina shi a 2019. Rufus, manhajar zuba Windows a faifan USB, yana iya yin irinsa har yanzu, amma sabon Windows ne zai ba ka, ba kwafin naka ba. Hanyar da ke aiki ita ce a kwafa zuwa SSD irin na cikin laftof ɗin, ranar matsala a kwance bayanta da sukudireba a musanya. Tsofaffin HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da suka cika hannun mutane a garin nan suna karɓar haka cikin sauƙi. Wasu siraran na zamani kuwa ma'ajiyarsu a manne take da allon ciki, ba ta ciruwa. Tarkon nan na BitLocker ma yana nan: ɗan tagwan zai iya fitowa a buɗe, sai ka tayar da shi ka kulle shi daban, ka kuma adana nasa mabuɗin.

A Mac, Carbon Copy Cloner da SuperDuper sun yi suna a wannan aiki shekaru da yawa. Amma daga macOS Big Sur a 2020 Apple ta hatimce sashen tsarin, yin kwafi mai tashi ya zama abin da ba a cika dogara da shi ba. Sannan Mac masu M1, ƙwaƙwalwar da Apple ta ƙera da kanta, da na bayansa suna buƙatar ma'ajiyar cikinsu ta kasance da rai kafin su tashi daga ta waje. Wato a ranar da ka fi buƙatar ɗan tagwan, ranar da ta ciki ta mutu, ba zai tayar da ita ba. Mai irin wannan Mac ya sa kuɗinsa a Time Machine.

Linux ne ya fi karɓar wannan tsari. Za ka iya saka Ubuntu a SSD na waje, ka kulle shi da LUKS, makullin faifai na Linux, tun wajen sakawa, ka tashi daga gare shi a kwamfutoci da dama.

Wani rauninsa: ɗan tagwai ranar ƙarshe kaɗai ya sani. Idan bairos ya shiga, ko ka goge fayil ba ka lura ba, ka sake kwafa, ɓarnar ta bi shi. Hoton faifai kuwa yana iya riƙe na makon jiya da na watan jiya.

## Fayiloli kaɗai, a kulle

Wasu ba su damu da Windows ba, takardunsu kawai suke so. BitLocker To Go yana kulle filash ko faifan waje, amma sai Windows Pro ne ke iya kullewa, Home buɗewa kaɗai yake yi. Ɗaga Home zuwa Pro dala 99 ne a shagon Microsoft, sai dai ka duba tukuna, domin laftof na hannu irin na ofisoshi da yawa da lasisin Pro suke zuwa. VeraCrypt, manhajar kullewa da ta gaji TrueCrypt da aka daina a 2014, kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux, amma idan ka manta kalmar sirrinsa babu kamfanin da zai buɗe maka. A intanet, Google Drive na ba da 15GB kyauta, OneDrive da iCloud 5GB kowanne. Ya ishi takardu da furojet, bai ishi bidiyon biki ba, kuma datar ɗora manyan kaya ba ƙarama ba ce. Wannan zaɓin ba ya tayar da komai, sai an haɗa shi da filashin farfaɗowa.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Filashin farfaɗowa | Kaɗan | Matsakaici, a sabunta duk shekara | Mai sauƙi ƙwarai | Babu fayilolinka a ciki, jabun filash |
| Hoton faifai a kulle | Matsakaici | Mai kyau idan an kiyaye zafi da faɗuwa | Saitin farko na son natsuwa | Manta kunna kullewa, ɓatan kalmar sirri |
| Tagwayen faifai | Mafi tsada | Mai kyau | Sai mai ɗan sani | Ƙin tashi, kwafe ɓarna |
| Fayiloli kaɗai | Kaɗan, ban da data | Ya danganta da inda aka ajiye | Mai sauƙi | Sake saka komai daga farko |

Tsakanin faifai mai juyawa da SSD kuwa, mai juyawa ya fi ba da wuri a kuɗi kaɗan, amma faɗuwa ɗaya yana cikin aiki na iya kashe shi, don haka na zaman gida ne. SSD na jure girgiza, shi ya dace da jakar mai yawo, sai dai ba ya son a jefa shi a akwati shekaru babu wuta, musamman a ɗaki mai zafi. A riƙa jona shi lokaci-lokaci.

## Mabuɗin

Duk wanda ka zaɓa, a nan ake faɗuwa. Ranar 19 ga Yulin 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, har da na manyan kamfanonin jiragen sama. Gyaran bai da wuya, amma kwamfutocin da ke kulle sai da aka nemo mabuɗin BitLocker na kowace ɗaya. Abin da ya sami manyan kamfanonin jiragen sama shi ne ya sami ɗiyar yayata. Windows 11, musamman daga sigar 24H2, yana kulle faifai da kansa idan an saka shi sabo aka shiga da asusun Microsoft, ko da mai kwamfutar bai nema ba.

Yau ɗin nan ka buɗe Command Prompt, allon rubuta umarni na Windows, a matsayin mai gudanarwa (Run as administrator), ka rubuta manage-bde -protectors -get C: ka gani. Idan lambobi 48 sun fito, ka rubuta su da biro a takarda, ka sake karantawa rukuni-rukuni, rukuni takwas ne masu lamba shida-shida. Ka duba kuma ko suna cikin asusunka na Microsoft, ba na mai shago ba. Kada takardar ta zauna a jakar laftof, kada kuma hotonta ya zama a wayarka kaɗai, domin wanda ya fizge jaka sau da yawa har da waya yake haɗawa. Ni kwafi biyu nake yi, ɗaya a inda nake ajiye takardun fili, ɗaya a ambulan rufe a hannun yayana. Rai na hannun Allah, kuma idan lissafin bashin da kake bi da wanda ake bin ka yana cikin kwamfuta, iyalinka za su buƙace shi kafin rabon gado.

Haka faifan kansa. Wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021 ya san abin da ke cikin shago ɗaya tare yake tafiya. Laftof a shago, faifai a gida. Da ka gama ɗaukar hoto kuma ka cire shi, saboda bairos mai garkuwa da fayiloli yana bin duk abin da ya tarar a jone.

Sai gwaji. Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello sun iso gare mu ne saboda an yi ta kwafarsu da hannu ana rarrabawa gida-gida, kuma mai kwafa yakan zauna a gwada abin da ya rubuta da na asali. Kai ma ka yi haka: ka kashe laftof, ka saka filashin ceto, ka danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo, ka ga ya tashi, ya ga faifan, kalmar sirrin ta buɗe hoton. Ba sai ka dawo da komai ba, fayil ɗaya ya isa shaida.

## Wa ya dace da wanne

Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wanda kuɗinsa ƙalilan ne kuma dukiyarsa furojet ce, ya sayi filash biyu: ɗaya na farfaɗowa, ɗaya a kulle da VeraCrypt ko BitLocker To Go, sannan duk daren da ya yi rubutu ya ɗora babin a Google Drive.

Malamin jami'a, lauya, ma'aikacin lafiya ko akawun da ke riƙe da bayanan wasu mutane, hoton faifai a kulle ne nasa, duk mako, kuma kullewar a wurinsa amana ce. Idan da hali ya yi faifai biyu yana musanyawa, ɗaya a gida, ɗaya a wani wuri.

Mai ɗaukar hoto da bidiyon bukukuwa ya raba: hoton faifai don tsarin kwamfutar, babban faifai mai juyawa a kulle don ayyukan da ya gama, domin hotunan matan mutane ne a ciki. Mai MacBook ya tsaya a Time Machine a kulle da FileVault, makullin faifan cikin Mac, a kunne.

Mai shagon rajista da buga takardu, wanda tsayuwar rabin yini asara ce gare shi, shi ne kaɗai nake ce wa ya ƙara tagwayen faifai, idan laftof ɗinsa mai ciruwar SSD ce. Ya ƙara shi a kan hoton faifai, ya sabunta shi duk wata da kuma mako guda kafin a buɗe rajistar JAMB, ya ajiye shi a gida tare da ƙaramin sukudireban da ya dace da kusoshin laftof ɗin.